Kyamarar da Ta Tafi Cin Tuwo

Jiya da la'asar ina zaune a bakin shagona na Magama, na ji ɗayanku, ku yaran shagon nan, yana gaya wa abokinsa wai sana'ar fito ba komai ba ce, danna waya ce kawai. Wai ka rubuta sunan kaya, lamba ta fito, ka tura, ka karɓi ladanka. Na yi shiru don goro ne a bakina. Yau babu goro, saboda haka ku gyara zama.

Ni ne Lawal, wanda 'yan tasha ke kira Lawal Tarif. Shekara talatin da 'yan kai ina fitar wa mutane kaya a bodar Jibiya, ta ƙofa, ba ta daji ba. Aikina in tsaya tsakanin mai kaya da kwastan, in gaya wa hukuma abin da ke cikin mota da harshen da take ji, wato lamba, a yanka kuɗin fito daidai, a ɗaga ƙarfen shinge mota ta wuce. In lambar ta yi daidai, ba wanda ke tuna sunana. In ta kuskure, kowa ya san shi, har da na ubana.

Kayan aikina uku ne. Na farko littafin tarif, wannan da kuke gani a kan tebur kamar bulo. Duk abin da Allah ya halitta da wanda ɗan Adam ya ƙera, an ba shi ɗaki a ciki. Ya fara da doki da jaki, ya ƙare da kayan tarihi. Saniya in tana numfashi tana babi na ɗaya. In an yanka ta, naman ya koma babi na biyu. Fatar ta yi ƙaura can babi na arba'in da ɗaya, in kuma fatar ta zama takalmi ta sake gida. Saniya ɗaya ke nan, ɗaki huɗu, kowanne da kuɗinsa. Na biyu hatimi, wanda in na buga shi a takarda na rantse ke nan cewa abin da na rubuta shi ne a cikin mota. Na uku wancan ƙarfen ɓalle akwati da ke jingine bayan ƙofa, wanda wani maƙeri a Farfaru ya ƙera daga tsohon sifirin na mota. Shi ne kuke rataye caja a jikinsa.

Duka ukun na gaje su ne daga maigidana, marigayi Alhaji Mamman, mutumin garin Kusa. Turancinsa bai wuce na littafin nan ba. Bai iya gaisuwa da Turanci ba, amma ya san sunan kowace irin ƙusa da kowane irin zare. Shekara biyu na yi ina ɗauke da littafin a bayansa, daga shago zuwa ofis, daga ofis zuwa shago, bai bar ni na taɓa hatimi ba ko da wasa. Ranar da ya ga dama ya gwada ni, sai ya ajiye wata tocila mai rediyo a gabana.

"Mi ne wannan?"

Na ce tocila ce.

Ya murɗa ta, sai ga labaran duniya. "Tocila na magana a garinku?"

Na ce to rediyo ce.

Ya haske min ido da ita har na ga taurari. "Rediyo na makantar da mutum?"

Kwana uku na yi ina juya abin nan, ina buɗe littafi ina rufewa. A rana ta huɗu ya tofar da goro ya ba ni ƙa'idoji biyu, waɗanda su ne duk karatun sana'ar. "Kar ka tambayi kaya sunanshi," in ji shi, "tambaye shi aikinshi na asali. Sannan kaya yadda ya iso gaban ma'aikaci ake yi mai hukunci, ba yadda ya baro gida ba. Don haka idonka kahin hatiminka."

Shi ya sa al'adarmu ta tsofaffin 'yan fito ita ce, in an ce mota ta taso daga Maraɗi, ka hau babur ka tsallaka zuwa Ɗan Isa, garin bakin boda na ɓangaren Nijar, ka tarye ta tun ba ta shigo ba. Ka hau bayanta da ƙarfenka, ka buɗe, ka ƙirga, ka shinshina in ta kama. Sai ka dawo ka cika takarda. Ba don mai kaya maƙaryaci ne ba, ko da yake an samu. Wani Alhaji ya taɓa rantse min cewa kayan gida ne kawai, tukwane da tabarmi. Da na ɗaga tabarmin sai ga injin niƙa sabo dal. Ya ce ai a gida zai kafa shi. Yawancinsu dai ba ƙarya suke ba, su ma ba su san abin da aka loda musu ba.

Kowane ɗan fito yana da fayil a ofis. In ka yi kuskure a takarda, a rubuta maka takardar tuhuma a jefa a ciki, in ta yi nauyi a dakatar da hatiminka. Alhaji Mamman ya rasu babu komai a fayil ɗinsa sai hotonsa. Nawa ma haka yake a wancan lokacin, kuma ban ɓoye wa kowa ba. A wurin mai shayi na faɗa, a wurin suna na faɗa, har a wurin gaisuwar mutuwa na taɓa faɗa, Allah ya yafe mini. Ba ni da gidan sama, ba ni da mota, amma ina da fayil fayau, kuma da shi nake taƙama.

Sai shekarar da aka rufe boda. Ku kuna makaranta lokacin, ba ku san me ake nufi da a ce ƙarfen boda ya kwanta ya ƙi tashi ba. Motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Masu abinci suka kife tukwane. Abokan sana'ata wasu suka koma acaɓa, wasu suka bi hanyar daji da jarkokin fetur. Ni ban bi daji ba, kuma ba zan ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, gwiwoyina ma sun taimaka. Na koma gonar gado a Kusa na shuka gero, geron ya dube ni ya ga ba manomi ba ne, ya fito yadda ya ga dama. Da na dawo na buɗe shago, na tarar ɓeraye sun shiga littafin tarif. Cikin babi casa'in da 'yan kai, babi na goma suka cinye, na hatsi. Tun daga ranar na daina raina ilimin ɓera.

Aikin farko da na samu bayan an ɗaga ƙarfe, Malama Hadiza ce ta kawo shi. 'Yar wani amini na ce, ta yi karatun gwajin jini, ta buɗe ɗan ɗakin gwaji a cikin gari. Ta ce wata ƙawarta a Yamai ta samo mata madubin likita, wannan da ake leƙa ƙwayar cuta da shi, amma irin na zamani mai kyamara a ka. In ta ga abin da ya shige mata duhu a jinin mutum, sai ta ɗauki hotonsa ta tura wa likita a Katsina, ba sai an ɗora marar lafiya a mota ba. Damina ta kama, zazzaɓi ya fara kwantar da yara, ita kuma tsohon madubinta ya yi hazo. Kayan yana Maraɗi, wani direba mai suna Isufu zai taho da shi a kan lodinsa na aya.

Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Nan ne sana'ar take, ku saurara. Kyamara ɗakinta babi na tamanin da biyar, tare da rediyo da talabijin, kuma kuɗin fitonta da nauyi, don hukuma na ganin kayan more rayuwa ce. Madubin likita kuwa ɗakinsa babi na casa'in, tare da kayan awo da na asibiti, kuɗinsa da sauƙi. To madubi mai kyamara fa? Shi ne tocila mai rediyo ta dawo min bayan shekara talatin. Na buɗe babi na casa'in, wanda ɓeraye suka ga ba shi da daɗi suka bari, na bi da yatsa har na samu layin. Littafin da kansa ya ce madubin da aka yi don ɗaukar hoton abin da ake leƙawa, madubi ne. Aikinsa na asali leƙe, hoton kuwa ɗan rakiya ne. Amma da sharaɗi: su iso tare, a matsayin abu ɗaya. In kyamara ta zo ita kaɗai, ta koma ɗakin 'yan'uwanta. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na sayi tsire.

Saura in hau babur in je Ɗan Isa in ga kaya. Ban je ba. Kwana uku ke nan jikina na ɗumi, kaina na sarawa, ina cewa gajiyar gona ce. Ga rana, ga gwiwa. Malama Hadiza kuma ta nuna min hotuna a wayarta: ga akwatin, ga madubin kwance cikin soso, ga 'yar kyamarar a raminta, ga takardar saye da lambar kowannensu. Na ce akwati ɗaya ne tak, me zai faru da shi tsakanin Maraɗi da nan? Na cika takarda daga hoton waya. Na hura wa hatimi iska, na buga. Wato abin da kuke cewa shi ne sana'ar, shi na yi, sau ɗaya a rayuwata.

Motar ta shigo da hantsi ta tsaya a filin duba kaya. Ba a zo kanmu ba sai bayan azahar. Ma'aikacin da aka ba aikin wani saurayi ne sabon zuwa, siriri, mai tabarau, irin waɗanda ke karanta littafin nan don nishaɗi. Ba ya ɗaga murya, ba ya karɓar ko ruwan leda. Aka sauke akwatin a kan tebur, na sa ƙarfena na ɓalle shi da yanga, ina kallon mutane. Ga madubi fari tas. Ga wayoyi. Ga ramin kyamara a cikin soso. Babu kyamara.

Na ɗaga soson. Na girgiza akwatin. Na leƙa ƙarƙashin tebur, kamar kyamara kaza ce.

"Baba," in ji ma'aikacin, "takardarka ta ce madubi mai kyamara. Ni madubi nake gani mai hula." Ya nuna murfin roba da aka toshe kan madubin da shi. "Ina take?"

Malama Hadiza ta dafe ƙirji tana salati. Na ce a nemo direba. Aka ce ai Isufu tun da ya ajiye mota ya shiga gari da ƙafa, yadda direbobi ke yi, ya tafi salla, daga nan zai biya gidan ƙanwarsa da ke aure a Jibiya ya ci tuwo.

Muna nan tsaye sai ga shi tafe daga ɓangaren gari, yana sakace, dogo, da rawani da kwat duk zafin nan. Ya gan mu cirko-cirko a kan akwati, ya washe baki. Ya sa hannu a aljihun ciki, ya zaro wani ƙunshi na safa, ya warware a gaban ma'aikaci da jama'a, ya miƙa da hannu biyu.

"Hajiya, ga amanarki! Ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

Ku da ba ku san direbobin hanyar nan ba, ku sani wannan al'adarsu ce, kuma ta mutunci ce. Ƙaramin abu mai tsada ba ya tafiya a bayan mota. Akwai ramuka, akwai ruwan sama, akwai masu dogon hannu a inda ake tsayawa. Direban kirki yakan buɗe kwali tun a tasha, ya cire abin da ya ga zai iya fashewa ko ya ɓace, ya sa a jikinsa, sai ya iso ya damƙa wa mai shi hannu da hannu. Na san wannan sarai. Da na je Ɗan Isa da na ga ramin, da na ce Isufu mayar da ita, shi ke nan. Amma yanzu ga abin da ke gaban hukuma: kyamara ta tsallaka boda a aljihu ba takarda, ta shiga gari, ta yi salla, ta ci tuwo, ta dawo ta ɓangaren Najeriya.

Ma'aikacin ya cire tabarau ya goge. "Malam direba, ka san abin da ka yi?"

"Mi na yi, Yallaɓai? Ramun da ke bayan Ɗan Isa ko kamiyo, babbar mota, ba ya so, balle wagga 'yar aba. Ko a duwan, kwastan ɗinmu, ba wanda ya ce mani komi. Tsoro na ji ta hwashe."

"Baba Lawal," ya juyo gare ni, "magana biyu ce. Ta farko, wannan abu ya zo gabana shi kaɗai. Me zai hana in kai shi babi na tamanin da biyar?"

A nan jinin sana'a ya motsa, duk da zazzaɓi. Na karɓi kyamarar, ba ta wuce gwangwanin madara ba. Na ce, "Yallaɓai, ranka ya daɗe, ga ta. Ɗauke ni hoto."

Ya juya ta. Babu madanni, babu gilashin gaba, babu batir, babu inda za ka sa ido. Rami ne mai zare a gefe ɗaya, wurin waya a ɗayan.

Na ce, "In aka kai ta gidan biki, amarya za ta mutu ba hoto. Ba ta gani sai da idon madubin nan. Ga lambarta a jiki, ga ta a takardar saye, mota ɗaya suka hau, rana ɗaya suka iso. Rabuwar da suka yi ta cin tuwo ce."

Ya duba lambar, ya duba takarda, ya buɗe nasa littafin a kwamfuta ya karanta layin da na karanta. Sannan ya ce gani ya kori ji, a haɗa ya gani. Malama Hadiza ta hau babur ta je ɗakin gwajinta, ta dawo da kwamfutarta da 'yan kwalabe da gilasai. Aka jawo wuta daga ofis. Ta cire hular roba, ta murɗa kyamarar a kan madubin, ta zauna daram kamar a nan aka haife ta. Sai ta ce tana son jini. Masu lodi da suka taru kallo kowa ya ɓoye hannunsa a aljihu. Isufu ya ce shi jininsa na Nijar ne, kar a ce shi ma bai biya fito ba.

"Kawu, kawo yatsa," in ji ta.

Ta soke ni, ta shafa a gilashi, ta busar, ta tsoma a ruwa mai shuɗi da mai ja, ta ɗiga mai, ta leƙa tana murɗawa. Can sai allon kwamfuta ya cika da wasu 'yan ƙawanya-ƙawanya kamar an zubar da kwabbai. Jama'a suka yi kabbara. Ta matso da fuska, ta nuna wasu ɗige-ɗige masu kama da zobe a cikin ƙawanyoyin.

"Kawu, tun yaushe kake zazzaɓi?"

Na ce gajiyar gona ce.

"To ga gajiyar gonar nan, har ta yi 'ya'ya. Maleriya ce, kuma ba kaɗan ba."

Ma'aikacin ya leƙa allon, ya dube ni ta saman tabarau. "Baba, waɗannan ma ba ka sa su a takarda ba. Kuma da ransu."

Filin nan ya ɗauki dariya, har da ni. Ya ce ya yarda, abu ɗaya ne, lambata ta zauna, babi na casa'in. Na fara naɗe takarduna ina jin kamar an ba ni sarauta. Sai ya ce in biyo shi ofis, ni da direba, saura magana ta biyu.

A ciki babu dariya. Ya ce abu ya wuce ƙarfe ba a duba shi ba, a gaban shaidu, dole ya rubuta yadda aka yi, kuma gaskiya zai rubuta. Ya ce tambaya ɗaya zai yi min. In na ga kayan da idona kafin in buga hatimi, kuma kyamarar na ciki, to bayan na duba ne direba ya buɗe akwatin da aka riga aka rantse a kansa ya cire abu. Wannan laifin direba ne, kuma babba: a tsare mota, a tsare shi. In kuwa ban gani ba, to direba ya yi wauta ne irin ta mai kyakkyawar niyya tun daga Maraɗi, a ja masa kunne, amma ni na rantse a kan abin da ban gani ba, takardar tuhumar tawa ce.

"Baba, ka ga kayan kafin ka buga?"

Ba wanda ya san ban je Ɗan Isa ba. Malama Hadiza tana waje. Shi kansa Isufu bai gane abin da ake aunawa ba, yana tsaye da safarsa a hannu yana cewa, "Wallahi amana na riƙe, Alhaji, motar ma ba tawa ba ce, ɗiyana shidda." Kalma ɗaya ce tsakanina da fayil fayau. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so in faɗe ta. Na so ƙwarai. Shekara talatin ina gina abu ɗaya, ga wani dogon mutum da kwat ya zo zai rushe shi saboda tuwon ƙanwarsa. Haushinsa ya cika ni har wuya. Amma na dubi safar nan. Mutumin nan ya cire safarsa ya naɗe kayan wata da bai taɓa gani ba, ya rungume a ƙirji tun daga Maraɗi. Shi ya yi aikinsa har ya wuce gona da iri. Ni ne ban yi nawa ba.

Na ce, "Yallaɓai, a waya na gani."

Ya jawo takarda ya rubuta, ya karanta min, na sa hannu. Ya ɗauko fayil ɗina daga kabad, ya buɗe, babu komai sai hotona na lokacin ina da gashi. Ya sa takardar a ciki a hankali, ya rufe. Aka dakatar da hatimina wata guda, ni da na shekara ina jiran a ɗaga ƙarfe. Na ji zafin abin nan fiye da rufe boda, don rufe boda ba ni na jawo ba.

Madubin ya kwana a ɗakin gwajin Malama Hadiza a ranar. Ni kuma na yi watan a kan tabarma ina haɗiyar ƙwayoyin da ta sa aka rubuta min, masu shayi suna aiko min da gaisuwa wai yaya fayil. Da na warke ta kawo min hoton jinin nawa an wanke shi a takarda, ta ce shi ne hoton farko da kyamarar ta ɗauka. Yana nan cikin littafin, a babi na casa'in, ku buɗe ku gani. Isufu kuwa sai daga baya wani ya warware masa abin da ya faru a ofis. Ya zo shagon nan da rabin buhun aya a kafaɗa, ya ajiye, ya tsaya yana murza rawani. Na ce ya ɗauke ayarsa, haƙorana ba na aya ba ne. Ya bar ta ya tafi. Na cinye.

Na daina zancen fayil a wurin suna. Wani lokaci nakan tuna Alhaji Mamman in ce da yana raye da ya haske min ido da tocilar nan. Amma cikin takardu biyun da za a iya rubutawa ranar, na san wadda aka sa a fayil ɗina ce zai iya karantawa har ƙarshe bai tofar da goro don takaici ba.

Wayarku tana da amfani, ban ce ba ta da shi ba. Ta fi ni saurin nemo lamba, kuma ɓera ba ya cin ta. Amma ba ta hawa bayan mota, ba ta san ramukan bayan Ɗan Isa ba, ba ta san direban kirki ba. Kai mai cewa danna waya ce, cire cajarka daga jikin ƙarfen nan ka ɗauko shi. An ce motar Isufu ta taso daga Maraɗi, babur na waje. In ka isa ka buɗe kowane kwali ka ƙirga. In ka gama, ka gaishe shi da kyau, ka ce in ji ni ya juye aljihunsa.